Abin da Ke Shanye Batirin Baba

Litinin, 1 ga Satumba

Baba ya sake ɓata. A nan kaɗai zan iya rubuta "sake" ba wanda zai harare ni. A tsakar gida cewa muke yi ya biya wani wuri ne.

Da safe ya fita gyaran keken ɗinki a shagon wani tela da ya yi shekara da shekaru yana zuwa. Aikin kam ya yi shi tsaf, telan har yana cewa keken ya koma sabo. Hanyar dawowa ce ta gagara. Wani mai facin taya ya gan shi tsaye a mahaɗar hanya, babur na aiki, yana duban hagu yana duban dama. Shi ya rako shi har ƙofa. Baba ya shigo yana faɗa, wai an canja wa gari fasali, duk alamun da mutum ya sani an rushe. Inna ta ajiye masa ruwa.

Yaya ya zo da yamma. Muka ƙule a ɗakin Inna kamar ɓarayi. Ya ce a karɓe makullin babur ɗin nan kafin a kira mu daga asibiti. Na ce in an raba Baba da babur an raba shi da aikinsa, in kuma an raba shi da aiki sai benci a ƙofar gida, kuma duk mun ga yadda benci ya yi da maƙwabcinmu cikin shekara guda. Yaya ya ce, "Ke Auta, kin fi kowa son sa ne?" Ban ce haka ba. Amma a raina na ce e.

Ƙarshe dai ya ce in ina da dabara in yi. In aka sake rako shi, ba zai nemi shawarar kowa ba, sayar da babur ɗin zai yi.

Laraba, 3 ga Satumba

A shagon da nake tsare (caja, murfin waya, abin sa wa kunne, su ne dai rayuwata) akwai wata na'urar nuna hanya ta babur da ta daɗe a aljihun tebur. Ta hannu ce, mai ita ya kawo a sayar masa, ba wanda ya taya. Maigidan shagon ya ce in ɗauka in ta yi mini.

Na so in ba Baba waya mai shafawa, sai na tuna ranar da na miƙa masa tawa ya yi ta shafa ta a hankali kamar mai lallashin mage, har ya kira mutanen da ban yi magana da su ba tun makaranta. Wannan kuwa hoton gida ne guda ɗaya babba. Ka danna shi, kibiya ta fito, ka bi ta. Na saita mata ƙofarmu.

Asabar, 6 ga Satumba

Na haɗa ta! To, ni ma yau na zama mai wayarin.

Na buɗe murfin gefe, ga batirin nan ɗan ƙarami cikin ƙura. Igiyar na'urar wayoyi biyu gare ta, ja da baƙa, da wani ɗan akwati baƙi a tsakiya. Na ce wannan ai ba ya buƙatar malami: ja ga ja, baƙa ga baƙa. Na bi da igiyar ta ƙarƙashin tanki, na ɗaure na'urar a tsakanin madubai.

Baba na kan kujera 'yar tsuguno, jakar aikinsa a cinya, yana miƙo mini sukundireba. Sau nawa ya gyara mini riƙo. "Uwata, ba haka ake riƙe shi ba, kamar mai tuƙa tukunya." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa har yau ni ce Uwata, ko da faɗa yake yi mini.

Ban ce masa don ɓata ba ne. Na ce kyauta ce aka ba ni kuma ba ni da babur. Ya ce tun yana saurayi yake yawo a garin nan ba ɗan jagora, yau sai talabijin a gaban mutum. Ana haka na'urar ta yi magana, muryar mace, cikin harshen da Baba ke tsintar ɗaya ya bar goma. Ya zabura. "Wace ce wannan kuma?" Daga nan sunanta ya zama Malama.

Lahadi, 7 ga Satumba

Mun fita gwaji, ina baya. Malama ta ce dama, da gangan ya yi hagu. Ta yi shiru kaɗan ta sake fitar da wata hanyar. Ya sake saɓa mata, ta sake. Ya juyo yana dariya, ya ce, "Ba ta fushi? To wallahi ta fi Innarki haƙuri."

Na daɗe ban ji dariyar nan ba. Da muka dawo ya maimaita wa Inna, ta ce ai sai Malamar ta riƙa dafa masa abinci.

Talata, 9 ga Satumba

Ya je ya dawo shi kaɗai. Da wuri ma.

Laraba, 10 ga Satumba

Da safe ya danna sitata, ta yi gurnani kamar ba ta so, da ƙyar ta tashi. Gwiwarsa ta dama ba ta bari ya buga kik, shekara biyu ke nan da sitata kawai yake dogaro. Na ce sanyin safiya ne.

Juma'a, 12 ga Satumba

Jiya ruwa ya hana shi fita, babur ya wuni ya kwana a jingine. Yau ya danna, ko tari bai yi ba. Hon ma shiru.

Abin da ya fi damuna yadda ya tsaya ne. Hannu a kan sit, kai a ƙasa. Can ya ce, "Na bar fitila a kunne ke nan." Na ce ba lallai ba ne. Ya ce, "Ni ne. Wa zai yi in ba ni ba." Sai ya rage murya, yana duban ƙofar ɗakin Inna: "Kada ki faɗa wa yayanki."

Ashe ya san ana maganarsa. Mu da muke ƙulewa a ɗaki muna raɗa.

Na buga masa kik, ya tashi, amma ya ce ya fasa fitar. Ya koma ya zauna yana goge kayan aikin da ba su yi datti ba. Ni kuma na wuni a shago ina ba mutane cajar da ba ita suka tambaya ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Na tura babur ɗin zuwa wurin Mai Wayarin, mai gyaran wutar babura, tsohon abokin Baba, wanda rumfarsa ke bayan masu sayar da katako. Mutum ne da ba ya iya gaisuwa sai da tsokana. Yana ganin Malama ya ce, "A'a, tsohon ya sayi jirgin sama?"

Ya cire makulli ya ba ni na riƙe. Ya kwance waya ɗaya daga batirin, ya sa wani ɗan ƙwan fitila a tsakani. Ƙwan ya yi ja-ja, kaɗan, amma ya yi. Ya ce babur a kashe yake, makulli a hannunki, to wa ke shan wuta? Ya zare jar wayata. Ƙwan ya mutu.

"Ga ɓarawonki nan. Wa ya haɗa wannan?"

Na ce wani ne. Ya ce wanin nan yana da irin hancin abokinsa.

Ɗan baƙin akwatin nan ashe ba ya barci. Ko Malama a kashe take, shi yana nan yana tsotsa, kamar famfon da ke ɗiga. Batirin babur kuwa ba shi da ƙarfin jure wannan. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Aiki ya yi masa yawa, ya ce in ina da hannu in yi da kaina yana kallo. Wai in nemo wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Ya ba ni ƙwan gwajin, ƙafa ɗaya a jikin ƙarfen babur, ɗaya ina taɓa wayoyi. Na murɗa, na kashe, na murɗa, na kashe, har na samu ta hon: a kunne ƙwan ya kama, a kashe ya mutu. Nan na haɗa jar wayar, da ɗan fis kusa da mahaɗar, don in waya ta goge a ƙarƙashin tanki fis ɗin ya ƙone maimakon babur. Na so in murɗe su in naɗe da salatif, ya buge mini hannu. Sai da na liƙe da dalma na sa musu rigar roba. Baƙar kuma ta koma kan wani noti na jikin ƙarfe, bayan na kankare fentin wurin.

Ina tattara kaya ya ce, "Yaya tsohon?" Na ce lafiya lau. Ya ce rannan ya zo ya gaishe shi, ya tafi, ya dawo ya sake gaishe shi daga farko. Na ce Baba ai mai zumunci ne. Bai yi dariya ba, ni ma haka.

Da na dawo na faɗa wa Baba laifina ne, ni na yi haɗin banza. Ya dube ni ya sake dubana. Sai ya fashe da dariya har da tari, yana kiran Inna: "Kin ji ko? Ba ni ba ne. Injiniyarki ce." Ban taɓa jin daɗin zama mai laifi kamar yau ba.

Litinin, 15 ga Satumba

A murɗa makulli Malama ta farka, a kashe ta kwanta. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 18 ga Satumba

Mako mai daɗi. Kullum yana fita yana dawowa. Har ya fara yi wa teloli alfahari da ita, wai 'yarsa ce ta sa masa.

Yaya ya zo ya zagaya babur ɗin yana leƙe kamar mai saye. Ya ce, "Uhm." A bakin Yaya wannan lambar yabo ce. Ban yi masa gori ba, na dai tambaye shi ko yana son in sa masa ɗaya a motarsa, tunda shi ma yakan manta hanyar gidan nan sai ƙarshen mako.

Asabar, 20 ga Satumba

Batirin ya sake mutuwa. Tsugune ba ta ƙare ba.

Na buga kik na wuce wurin Mai Wayarin da fushina. Na ce ko dai wayar hon ɗin ba ita ba ce. Ya yi gwajin ƙwan a gabana: makulli a kashe, ba ko ɗigon wuta. Ya auna batirin, ya auna abin da injin ke mayar masa. Ya ce duk lafiya. "Haɗinki ba shi da laifi, 'yata. Ki duba wani wurin." Na ce wane wurin kuma? Ya ci gaba da aikinsa.

Na tafi ba sallama. Gobe sai na ba shi haƙuri.

Litinin, 22 ga Satumba

Na tashi daga shago da wuri saboda ciwon kai, shi ya sa na ga dawowarsa.

Tun muna yara haka Baba yake yi: yana shawo kwanar layinmu sai ya sunkuya ya rufe famfon mai na ƙarƙashin tanki. Babur ya ƙarasa da ɗan man da ya rage masa, ya shigo gida, ya yi tari ya mutu da kansa a gindin bango. Wai man da ya kwana a cikin kafireto, inda mai ke bi ya shiga inji, shi ke toshe shi. Da wannan tarin muke gane Baba ya dawo, mu watsar da wasa mu kama littafi. Bayan injin ya mutu sai ya murɗe makulli ya jefa a aljihu.

Yau ya rufe mai. Babur ya yi tarinsa ya mutu. Ya sauka, ya kwance jakarsa, ya amsa sannu da zuwana, ya shige ɗaki. Makulli na nan a kunne. 'Yar koriyar fitila na ci, Malama ido biyu tana nuna mun iso gida.

Inji ya yi shiru, to a wurinsa an kashe babur.

Na murɗe makullin. Ina juyowa muka haɗa ido da Inna tana tsaye da tsintsiya. Ta ce, "Ni nake murɗewa in na gani. Ranar Juma'a ce na je duba mara lafiya, na dawo a gajiye." Na ce tun yaushe? Ta ce tun kafin Malama. Da can fitilar ce kaɗai, ba ta ci sosai.

Na shiga ɗaki na rufe. Kuka na yi, ba wani ciwon kai.

Talata, 23 ga Satumba

Na ce, "Baba, ka daina rufe man nan, ka riƙa kashewa da makulli kawai." Na sha karatu a kan kafireto har shayina ya huce. Ya tuna sunan kowane ɗan ƙarfe da ke cikinsa, ya tuna wanda ya koya masa, da launin babur ɗin mutumin. Allah mai iko.

Alhamis, 25 ga Satumba

Shekaranjiya dabara ta zo mini a shago. Makulli ba ya zaruwa sai an kashe. Na ɗaure shi da doguwar igiyar takalmi a hannun jakar aikinsa. In ya ɗauki jaka igiya za ta ja shi, dole ya murɗe ya zare. Jakar kuwa ko ni zai iya mantawa da ni a hanya, ita ba zai manta ba.

Jiya ta yi aiki, yau ma ta yi.

Yaya ya kira, wai ya ji batirin ya sake. Na ce haɗina ne, na gyara. Ƙarya ta fito mini sumul, har na ji tsoron kaina.

Asabar, 27 ga Satumba

Ya dawo da guntuwar igiya tana lilo a jikin makulli. Wai a shagon wani tela wasu marasa kunya suka ɗaure masa jaka a jikin babur, sai da ya ari almakashi. Inna ta juya baya kafaɗunta na rawa, ban sani ba dariya ce ko ɗayan.

Na je na ba Mai Wayarin haƙurin da na yi ta ɗagawa. Na tambaye shi ko akwai hanyar da Malama za ta riƙa mutuwa tare da inji, ba tare da makulli ba. Ya ce akwai, da wani ɗan abu da ake ƙarawa, in na kawo babur ɗin zai yi. Amma fitilar da sauran kayan za su ci gaba da sha muddin makulli na kunne, a hankali dai. Ya goge hannunsa ya ce, "Zan yi miki duk wanda kika ce. Sai dai ki sani jinkiri kawai muke saye."

Na ce jinkirin ma ina so.

Laraba, 1 ga Oktoba

Ban samu na kai babur ɗin ba. Kullum sai in ce gobe, shi kuma kullum yana da aiki.

Yau wata makarantar koyon ɗinki ta mata ce ta kira shi, can bayan gari, kekuna da yawa, aikin wuni guda. Da la'asar shugabar ta kira lambata da na liƙa a jikin tanki. Ta ce tsohon ya gama aiki, babur ya ƙi tashi, masu gadi sun yi ta buga kik har sun gaji. Ta kwafi lambata ta shiga ciki ɗauko waya, kafin ta fito ya tura abinsa ya tafi.

Tun tana magana na san abin da ya faru. Ya rufe mai a ƙofar makarantar, ya bar makulli a kunne tun safe. Batir ya tafi, Malama ta tafi. Masu gadi kuma suna ta buga kik mai a rufe, ba wanda ya sani, shi kuma bai tuna ba.

Na rufe shago, na tari mai babur ɗin haya, muka yi ta bin layi-layi. Wayarsa na ringi ba ya ɗauka. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Mai sayar da lemo ya ce ya ga wani dattijo na tura babur ya yi can. Can ɗin kuwa ba hanyar gida ba ce.

Mun same shi a inuwar wani shago da ke rufe, zaune a kan dakali, jaka a cinya, rigarsa sharkaf. Yana ganina ya ce, "Uwata." Shi ke nan.

Na sallami ɗan hayar. Na durƙusa kamar ina duba inji, na kare da jikina, na buɗe famfon man, na kai hannu ga makulli a hankali.

"Na gani," in ji shi. "Ba sai kin ɓoye ba."

Na ce batirin ne ya tsufa, Baba, gobe zan sa a canja.

"Batiri ba shi da laifi. Wayarki ma ba ta da laifi." Ya dubi tafin hannunsa. "Na zauna nan ina ta neman sunan layinmu. Keken mutane na gyara yau har guda nawa, ba wanda ya gagare ni. Sunan layinmu ya gagare ni."

Na zauna kusa da shi. Muna zaune wata mota ta wuce ta watsa mana ruwan kwata a ƙafa, ya ce Allah ya shirya.

Na buga kik, a na uku ya tashi. Malama ta farka. Na riƙe masa babur ɗin don ya hau, kamar kullum. Ya daɗe a tsaye hannunsa a kan sit. Sai ya ɗaga ƙafar da ƙyar ya hau, ya ja da baya har ƙarshen sit, ya bar mini gaba.

"Ja mu je."

Shi ya koya mini tuƙi a filin makaranta ina 'yar yarinya, yana gudu a bayana yana riƙe da ƙarfen baya. Rabona da tuƙi tun lokacin, sai ɗan zagayen ƙofar gida da zuwa rumfar Mai Wayarin. A tsorace na ja mu har muka iso. Ban bari ya gane ba, ko kuma ya gane bai faɗa ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ban faɗa wa Yaya ba. Baba ne ya sa Inna ta kira shi.

Ya zo yana shirin faɗa, ya tarar babu abokin yi. Baba ya ba shi labarin da bakinsa, bai rage komai ba. Ya ce ya daina tuƙi. Yaya da ya daɗe yana neman wannan maganar sai ga shi yana share ido da hular hannunsa, yana cewa ai ba gaggawa. Na ji kunyar duk abin da na faɗa a kansa a littafin nan. To, ba duka ba.

Baba ya ce abu ɗaya: ba za a sayar ba. Ya rataye makullin a ƙusar da ke bayan ƙofa.

Litinin, 6 ga Oktoba

Benci. Abinci ana kai masa ana dawo da shi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Wani tela ya kira wayarsa ina kusa, wai keke na tsinka zare kuma yana da ɗinkin mutane. Baba ya fara yi masa bayani ta waya, muryarsa ta dawo, har yana nuni da hannu. Can ya ce, "A'a, sai na gani da idona," sai ya tuna ya daina tuƙi.

Na ce ai shagon a kan hanyata yake. Ba a kan hanyata yake ba. Na kai shi, na wuce wurin aiki, da azahar na roƙi maigidan shago na je na ɗauko shi. Ya cinye abincinsa har yana tambayar ko akwai saura.

A kwanar layinmu na ji hannu ya zuro ta gefen ƙafata ya rufe mai. Na bar shi. Ni na murɗe makulli.

Asabar, 18 ga Oktoba

Kwana biyu ban yi rubutu ba, gajiya. Safe in kai shi, rana in ɗauko shi. Maigidan shago ya yarda in riƙa buɗewa a makare in tashi a makare. Teloli mun ce musu gwiwa ce, kafin ta yi sauƙi. Na wucin gadi ne dai.

Duk ranar da muka fita sai na lanƙwaso madubai ƙasa daidai idona, in mun dawo in mayar da su sama inda yake ganin su. Yawan lanƙwasawar ya sa sun yi sako-sako, kowane rami sai sun faɗi. Yau da safe na ce bari in ɗaure su. Na zauna a kan sit ina saitawa, na dama, na hagu, na ɗan sauko da Malama ita ma don rana na kashe mini ita. Don kada su riƙa motsi ne kawai.

Ina lalube a jaka, sai ga sifana an miƙo mini ta kafaɗa, daidai girman notin. Ban san ya taso daga benci ba. Ya tsaya a bayana ya leƙa madubin, ya ce, "Kina ganin hanya sosai?"

Na ce ina gani.

Ya ce, "To ɗaure da kyau."

Na ɗaure.